Bijimin da Ya Zo Daga Kudu

Babana Dzarma ba likita ba ne, amma duk kasuwar shanu ta Maiduguri Likita suke ce masa. Malamin dabbobi ne, ya yi shekara talatin da huɗu yana yi wa shanu allura, yana buɗe bakinsu, yana ɗaga kofatonsu. Mutumin Lassa ne a kudancin Borno. Ya zo birni yana saurayi, ya kama ɗaki a Wulari, ya auri mamana Phoebe, a nan aka haife mu mu huɗu. Ni ce ta biyu, sunana Ketura, ina koyarwa a firamare. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani kuma shi ya gaya mini bayan ya ajiye aiki.

Ya kama aiki a 1983, shekarar da bushiya ta shigo ta gabas. Yaran yanzu ba su san ta ba. Annoba ce da takan kwantar da garke guda cikin mako biyu, shanu suna zawo suna hawaye har su mutu. Aka tura su Baba ƙauyuka da akwatin ƙanƙara da allurai. A wani ƙauye kusa da Monguno suka tarar da wani dattijo Babarbare mai shanu sama da ɗari, ya ce ba wanda zai soki dabbarsa, don ya ji an ce allurar ce ke kawo ciwon. Suka yi lallashi har suka gaji, suka koma inda suka sauka.

Washegari da hantsi sai ga ɗan dattijon, sa'an Baba, ya koro shanu arba'in ta bayan gari. Sunansa Ajimi.

"Waɗannan na mahaifiyata ne," in ji shi. "Ka yi sauri kafin tsohon ya dawo daga gona."

Baba ya yi musu allura. Kafin wata ya ƙare, waɗannan arba'in ne kaɗai suka rage a gidan. Daga nan abotarsu ta fara. Da Ajimi ya dawo birni ya buɗe shagon yadi, ya yi gida a Jiddari Polo, sai ya bar garken a ƙauye a hannun makiyayi, amma ko maraƙi ba ya saya sai Baba ya duba. Mu Ba Ajimi muke ce masa, matarsa kuma Ya Fanna. Da Kirsimeti yakan aiko wa mamana turmin atamfa, da Sallah mu mukan je gidansu da sababbin kaya kamar 'ya'yan gida.

Abin da Baba ya fi kowa sani shi ne lokacin kowane ciwo da hanyar da yake biyowa. Ba a makaranta ya koya ba, shekaru ne suka koya masa. Yakan ce da ruwa ya ɗauke, garkunan Nijar suke gangarowa ta Damasak, na Chadi da Kamaru su tsallako ta Gamboru Ngala, duk su nufi bakin tafkin Chadi inda ruwa ya ja da baya ya bar ɗanyar ciyawa. A can shanun ƙasa huɗu suke shan ruwa baki da baki, ba wanda yake tambayar wani takarda. Mako kaɗan bayan haka sai boru ya fito, ciwon da ke kumbura baki da kofato. In sanyi ya kama sosai sai ciwon huhu ya biyo baya, kullum daga gabas, ya bi hanyar Dikwa ya iso kasuwar birni wajen Disamba ko Janairu. Daga kudu kuwa, wajen garinsu, abin da yake jira shi ne sammore, ciwon da ke ramar da shanu, da damina, saboda ƙudan tsando da ke cikin kurmi. Mu da muke yara mun san sunayen garuruwan kan iyaka tun kafin a koya mana taswira, don a bakin Baba kowane gari da ciwonsa da watansa.

Yana da abokin aiki a tsallaken iyaka, wani ɗan Kamaru mai suna Thomas, malamin dabbobi a Fotokol. Sau biyu ko uku a shekara sukan haɗu a kan gadar da ta raba ƙasashen biyu, su zauna a inuwa, kowa ya faɗi abin da ya gani a ɓangarensa. Thomas ba ya jin Turanci, Baba ba ya jin Faransanci, da Hausa da guntun Larabcin Shuwa suke fahimtar juna. In Thomas ya ce shanu sun fara tari a Kusiri, Baba ya san yana da mako shida ya shirya. Da wayar hannu ta zo sai abin ya ƙara sauƙi.

Don haka mutane suka ɗauke shi kamar mai gani har hanji. Dillalai sukan tare shi su ce, "Likita, bana yaushe ne?" Ya ɗaga kai ya yi lissafi da yatsu ya faɗa musu, kuma da wuya ya kuskure. Ba zan ɓoye ba, abin yana yi masa daɗi. Mamana takan ce masa, "Kai dai ka rage faɗin 'na sani'." Ya yi dariya ya ce to ai ya sani ɗin.

Sai rikici ya zo. Ba sai na ba mutumin Borno labarinsa ba. Aka ƙone gidanmu na Lassa, ƙanin Baba ya gudo da iyalinsa suka cika mana tsakar gida. Hanyar Gamboru Ngala ta mutu, ta Damasak ma haka. Thomas ya bar Fotokol ya koma Marwa. Da farko suna waya, daga baya Baba ya daina kira. Ya ce iyakar da ba saniyar da ke tsallakowa, me zai tambaya a kanta?

Garken Ba Ajimi kuwa an kore shi a rana ɗaya. Shanu goma sha uku ne suka tsira, duk mata, makiyayin ya biyo daji da su kwana tara har birni. Ba Ajimi ya kewaye filin da ke bayan gidansa ya zuba su a ciki. Mutumin da a da yake ƙirga ɗari, ya wayi gari yana ƙirga goma sha uku da sunayensu. Shagon yadi ma ba ciniki, wa yake ta sabon kaya a lokacin? Nonon shanun nan da man da Ya Fanna take kaɗawa su suka riƙe gidan, har da 'yan'uwan da suka gudo musu daga ƙauye. Duk Juma'a takan aiko mana da ƙwarya guda.

Abu ɗaya ya dame shi, ba bijimi. Shanun suna tsufa, ba haihuwa, nono yana raguwa. Kusan shekara biyu yana nema. A watan Afrilun 2017, saura wata huɗu Baba ya ajiye aiki, Ba Ajimi ya kira shi da safe.

"Likita, an samu. Motar Mubi ta sauke shanu, akwai wani ja. Zo ka gani da idonka."

Tun da aka hana hawa babur a gari keke Baba yake hawa. Ya tuƙa cikin zafin nan na Afrilu har kasuwa. Bijimin yana kwance a gindin turke, ja ne irin na Shuwa, mai faɗin ƙirji, tozonsa a tsaye. Dillalin, wani mai suna Hamisu, yana ta yabonsa. Baba ya buɗe bakinsa, ya duba ido, ya shafa fata. Ba abin da ya gani. Hamisu ya ja Ba Ajimi gefe suna magana, Baba ya ja igiya ya tayar da bijimin don ya duba kofato.

Da bijimin ya miƙe sai ya yi tari. Sau ɗaya, gajere, busasshe.

Baba ya ce mini ya san wannan tari kamar yadda ya san muryata. Ya san kuma abin da ake yi: a kora shi ya yi gudu kaɗan a saurari numfashinsa, a auna zafin jikinsa, sannan ko me aka gani a ware shi shi kaɗai na 'yan makonni kafin ya shiga cikin wasu. Abin awon yana cikin aljihun rigarsa. Ya ce har ya kai hannu, sai ya tsaya ya yi lissafinsa na kullum. Afrilu ne, lokacin ciwon huhu ya wuce da wata uku. Daga Mubi kuma aka kawo shi, kudu ke nan, shi kuwa a duk shekarunsa bai taɓa ganin ciwon huhu ya biyo ta kudu ba. Dabbar da ta kwana biyu a tsaye cikin mota ai dole ta yi tari. Ya mai da hannunsa.

Ba Ajimi ya dawo yana murmushi irin wanda Baba ya yi shekara uku bai gani a fuskarsa ba.

"Yaya, Likita?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"A ware shi ne, ko in haɗa su? Ka san filin ɗaya ne, amma in ka ce a ware, maƙwabcina zai ba ni aron kangonsa."

"Ba sai ka wahalar da kanka ba," in ji Baba. "Ba lokacinsa ba ne, ba hanyarsa ba ce. Haɗa su."

Mako biyar aka yi lafiya. Ya Fanna ce ta fara lura, wajen tatsa. Wata saniya fara, wadda ta fi ba da nono, ta ƙi cin dusa, ta tsaya ta ware ƙafafun gaba, ta miƙa wuya tana nishi. Da Baba ya iso ya gan ta daga bakin ƙofa, bai ko ƙarasa ba ya gane. Aka yanka ta a ranar. Da aka buɗe ƙirji, huhun ya manne da haƙarƙari, ruwa rawaya ya cika ciki.

A nan bakin filin ya nemo lambar Thomas, wadda ya yi shekara biyu bai taɓa ba. Bayan gaisuwa ya ce masa ga abin mamaki, ciwon huhu a watan Mayu, a jikin garken da ba abin da ya shige shi sai sa ɗaya daga kudu.

Thomas ya ce, "Dzarma, wane kudu? Tun da aka rufe hanyarku, shanun Chadi ta nan suke bi. Su tsallako Kusiri, su gangaro Marwa, su hau dutse su shiga Mubi, daga can a loda su mota a kawo muku. Tafiyar da ake yi a mako uku yanzu wata uku take ci. Abin da kake jira a Janairu ai sai yanzu zai iso maka. Tun Fabrairu muke fama da shi a nan. Na zaci ka sani."

Bai sani ba. Shekara biyu yana tsaye a kasuwa yana kallon motocin Mubi suna ƙaruwa, bai taɓa tambayar kansa daga ina kudu ta samo shanu haka ba.

Wata biyu Baba yana zuwa Jiddari Polo kullum, safe da yamma, a kan keken nan. Ya raba filin da zana, ya ware masu tari, ya yi allurai, ya kai rahoto ofis aka zo aka yi wa shanun unguwar rigakafi. Amma ciwon ya riga ya zaga. Tara suka tafi, wasu da kansu, wasu aka riga su da wuƙa. Ciwon bai tsaya a gidan ba. Akwai wasu 'yan gudun hijira Shuwa da ke bayan unguwar, shanunsu kwami ɗaya suke shan ruwa da na Ba Ajimi, su ma suka rasa shida cikin 'yan kaɗan da suka tsira da su. Huɗun da suka rage wa Ba Ajimi, Baba ne da bakinsa ya ce a ba mahauta, don ko sun warke za su riƙe ciwon a jiki su ba wasu. Bijimin kuwa bai taɓa kwanciya ba. Yana tsaye yana tuƙa har ranar da aka ja shi aka fita da shi.

Ranar da filin ya zama wayam, Ba Ajimi ya rako Baba har bakin titi, ya riƙe masa keke.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, Likita. Ka yi abin da ɗan'uwa ma ba zai yi ba. Ka rame saboda shanuna. Wannan hukuncin Allah ne, ciwon da ya ɓoye maka ai ba wanda zai gan shi."

Baba ya ce a lokacin ya so ya gaya masa gaskiya. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya mayar da alheri." Ya hau kekensa ya tafi.

Ya ajiye aiki a watan Agusta. Aka yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango, Ba Ajimi ne ma ya tashi ya ba da labarin shanu arba'in na shekarar bushiya, mutane suka tafa. Baba yana zaune kansa a sunkuye, muka ɗauka kunya ce.

Daga nan ya fara ja da baya. Sallah ta zo, ya ce ƙafarsa na ciwo, mu je mu kaɗai. Ba Ajimi ya zo Wulari da kansa, Baba ya ce wa mamana ta ce ba ya nan.

"Ba zan yi ƙarya a kan Ajimi ba," in ji ta. "In faɗa kuka yi, fita ka gaya masa."

Ya fita. Suka zauna a benci, Ba Ajimi yana ta hira, Baba yana amsawa da "haka ne" da "to". Ba Ajimi ya sake zuwa sau biyu ko uku. A zuwan ƙarshe na ji ya ce, "Likita, ko na yi maka wani laifi ne ban sani ba?" Baba ya ce ko kaɗan, tsufa ne kawai. Ba Ajimi ya dube shi, ya gyara hularsa, ya yi mana sallama. Bayan haka sai gaisuwa a waya, ita ma ta yi ta raguwa.

Mun ji cewa ya rufe shagon, ya sayar da filin bayan gida. A 2021 hawan jini ya kayar da shi, ya kwana huɗu a asibiti. Baba ya ce gobe zai je, goben ya ce jibi. Ranar da ya sa riga zai fita Tahir, babban ɗan Ba Ajimi, ya kira ya ce an yi rasuwa. Baba ya bi su har maƙabarta. Da suka yi sahun sallar jana'iza ya koma gefe ƙarƙashin dogon yaro ya tsaya, hannayensa a baya.

Da ya dawo ne ya kira ni da mamana ya gaya mana komai, tun daga tarin. Mamana ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Shanu Allah ne ya san ko da ka ware shi za su tsira. Amma shekara huɗun nan da ka hana shi kanka, wannan kai ka yi."

Da Ya Fanna ta fita takaba ya ce in raka shi. Ta karɓe mu a zaure, ta shimfiɗa tabarma, ta sa aka kawo ruwa. Ta tsufa ƙwarai. Baba ya ƙi zama a kujerar da aka kawo masa, ya zauna a ƙasa. Ya faɗi maganar kai tsaye, bai yi kwana-kwana ba: ya ji tari, ya san ko na mene ne, abin awo yana aljihunsa, Ajimi ya tambaye shi a ware, ya ce a haɗa.

Ya Fanna ta dube shi har na ji ba daɗi.

"Malam Dzarma," in ji ta. Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar. "Ka san abin da ya fi damunsa kafin ya kwanta? Ba shanu ba ne. Kullum sai ya ce, 'Fanna, me na yi wa Likita?' Har cewa ya yi ko don ya talauce ne. Ni na ce masa kai ba haka kake ba."

Baba bai ɗago ba.

"Yanzu ka kawo mini wannan maganar. Me zan yi da ita? Wanda ya kamata ya ji yana ƙasa. Da shi ka gaya wa, da ya yi fushi kwana biyu ya huce, ka san shi. Ni ban san yadda zan yi ba."

Ta tashi ta shiga ciki. Muka jira kaɗan, ba ta fito ba, muka tafi.

Yanzu Baba yana da shekara sittin da bakwai. Idonsa ɗaya ya yi yana, keken ma ya bari. Mutanen unguwa har yau sukan kawo masa akuya ko rago ya duba, yakan duba, amma in aka tambaye shi yaushe ciwo kaza zai zo sai ya ce su je ofis su tambaya. Hanyar Gamboru Ngala ta buɗe, shanu suna shigowa ta can da ta Mubi duka. Duk wata yakan kira Thomas su daɗe suna magana, duk da su biyun ba mai aiki yanzu. Abin da ya ji yakan rubuta a takarda ya ba ni in kai wa matar da ta gaje shi a kasuwa. Ban sani ba ko tana karantawa.

Bara, gab da damina, Tahir ya zo da Keke Napep ya ce mahaifiyarsa ta sayi awaki biyu daga wani da ya kawo su daga Difa, ta ce a ɗauko Malam Dzarma ya duba. Na bi su don in riƙe masa hannu. Awakin suna ɗaure a tsakar gida. Ya daɗe a kansu fiye da yadda akuya biyu ke bukata, ya ce wa Tahir kada su haɗu da na maƙwabta sai bayan mako uku. Ya Fanna ba ta fito ba. Daga bayan labule ta amsa gaisuwarmu, ta ce an gode, a gaida Phoebe.

A hanyar dawowa muka wuce filin Polo. Sai Baba ya ce mini, "Da Ajimi ne, da bai bar ni na tafi ban ci abinci ba."